Hoton baƙi da fari a titi da tsohuwar kyamarar fim

Wani matashi daga Kano ya aiko da tambaya. Ya gaji kyamarar mahaifinsa, Pentax K1000 mai lens 50mm, yana so ya riƙa ɗaukar hoton baƙi da fari na jama'a a titi da kasuwa. Ya ɗauki fim guda an wanke masa, sai ga fuskoki sun yi baƙi ƙirin, fararen riguna sun yi fari fat ba a ganin ko ɗinki, wasu hotunan kuma sun fito dishi-dishi. Yana tambaya ko kyamarar ce ta tsufa, ya sayar ya nemi wata.

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Kada ka sayar da wannan kyamara. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, kuma a tsawon shekarun nan makarantun koyon hoto da yawa da ita suka horar da ɗalibai, don ba ta yi wa mutum komai, sai abin da ya saita da hannunsa. Duk aikinta na ƙarfe ne da sifirin. Batirin da ke cikinta, ɗan ƙaramin nan irin na agogo, LR44 ko SR44, ma'aunin haske kawai yake ciyarwa. Ko ya mutu kyamarar za ta ci gaba da ɗauka daga daƙiƙa ɗaya har ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Canon AE-1 da suka fito shekara ɗaya, in batirinta ya ƙare a tsakiyar kasuwa to ta tsaya ke nan. Abin da ka bayyana kuwa, fuska baƙa da riga fara, na san shi sarai. Hasken ranar ƙasarmu ne ya haɗu da ma'aunin da ba ya bambanta fuska da bango.

Duk da haka ka duba lafiyarta, aikin minti goma ne. Ba fim a ciki, ka buɗe bayanta, ka fuskanci taga, ka harba a kowane gudu. A daƙiƙa ɗaya ka saurara, ya kamata ka ji ta buɗe ta rufe daidai tsawon faɗin "dubu da ɗaya", ba ta ja ba, ba ta maƙale ba. A 1/1000 ka ga walƙiyar haske ta cika murabba'in nan duka, ba gefe ɗaya ya yi duhu ba. Kada yatsanka ya taɓa labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban fim, ƙyalle ne siriri. Ka shafa sosan da ke kwarmin ƙofar bayan kyamara: in ya narke yana manne wa hannu kamar kwalta, a kankare a sa sabo, in ba haka ba haske zai riƙa sata yana zana farin layi a hotunanka. Ka cire lens ɗin ka haska shi da tocila daga baya. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, sai a kai wa mai gyara. Ma'aunin hasken wannan kyamara ba shi da makunni, murfin lens shi ne makashinsa, don haka ka riƙa rufewa in ka ajiye.

Yanzu ga ainihin matsalar. Allurar da kake gani a cikin maduba, wato tagar da kake leƙawa in za ka ɗauka, wadda ake so ta tsaya tsakiya, tana haɗa duk hasken da ke gabanta ne ta ɗauka matsakaicin toka-toka ne. To ka ɗauko dattijo cikin farar babbar riga, da farin rawani, a gaban bangon da rana ta haske. Kusan duk abin da ma'aunin ke gani fari ne, sai ya ce haske ya yi yawa, ka rage. Ka rage, rigar ta koma toka-toka, fuskar da dama baƙa ce, ga ta kuma ƙarƙashin inuwar rawani, ta faɗa cikin duhun da fim ɗin bai kama komai ba. Daga baya mai wankin ko mai sikanin ya ga hoton ya yi duhu, ya ƙara masa lokaci ko ya ja haskensa sama, rigar ta ƙone, fuskar kuma ba ta dawo ba. Abin da bai shiga tukunya ba ba ya fitowa a akushi. Fim ɗin baƙi da fari yana jure yawan haske ƙwarai, mataki ɗaya ko biyu fiye da kima (kowane mataki ninka haske ne) ba ya ɓata shi, amma ƙarancin haske ba shi da magani.

Shi ya sa tsofaffin masu hoto suke cewa a ba inuwa haskenta lokacin ɗauka, a kula da fari lokacin wanki. Ansel Adams da Fred Archer sun tsara wannan dalla-dalla a Amurka wajen 1940, amma ba sai ka haddace tsarinsu ba. Dalilin a bayyane yake. Wuraren inuwa a fim suna gama fitowa tun farkon wanki, ƙarin lokaci ba ya ƙara musu abin kirki. Wuraren haske kuwa suna ci gaba da yin kauri muddin fim ɗin na cikin ruwan. Saboda haka in ka ba da haske isasshe ka rage lokacin wanki, fuska ta fito, rigar kuma ta tsaya kafin ta toshe, har ka ga aikin aska a wuyanta.

A aikace, ka sayi fim mai lamba 400, Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, ko Kentmere da Fomapan in aljihu bai kai ba. Tri-X tun 1954 ake samunsa a 35mm, kuma da yawa daga hotunan titi da na jarida da ka saba gani masu ɗan yashi-yashi da shi aka ɗauke su. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. Sai ka saita lambar fim a kyamara a 200, ba 400 ba. Ka ninka masa haske ke nan. In an zo wanki a rage lokaci da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Wannan kaɗai zai gyara fiye da rabin abin da ka koka da shi.

Sannan ka daina auna duk fili. Ka ɗaga tafin hannunka a cikin irin hasken da ke kan fuskar mutumin, in yana inuwa kai ma ka sa hannun a inuwa, ka cika maduba da shi, ka kawo allura tsakiya, sai ka buɗe ƙofar haske, wato ramin da ke cikin lens, da mataki ɗaya. Tafin hannu ya fi toka-tokan ma'auni haske da kamar mataki ɗaya ne, har ga mu baƙar fata, ko da yake hannu ya bambanta, fim na farko zai nuna maka naka. Bayan ka auna, ka bar saitin. Ko allura ta haura ta sauka don wata farar mota ta gifta, kada ka bi ta, hasken da ke sauka kan titi bai sauya ba.

Da sannu ma za ka rage dogaro da ma'aunin. Akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka ba gajimare, ƙofar haske f/16 (in lambar f ta yi girma, ƙofar ta ƙuntata), gudun labule kuma daidai da lambar fim. Tunda ka mai da fim ɗinka 200, to 1/250 a f/16, wanda daidai yake da 1/500 a f/11. Wannan na biyun nake so ka riƙe don titi. In hazo ya rufe rana har inuwa ta yi laushi, 1/500 a f/8. In mutum na inuwar gini ko ta darbejiya amma sama a buɗe take, 1/250 a f/5.6. In ka shiga layukan Kasuwar Kurmi inda rumfuna suka haɗe, ka sauko wajen 1/125 a f/2.8, wani lungun ma sai 1/60 a f/2. Kada ka yi ƙasa da 1/60 da lens 50mm a hannu, motsin numfashinka zai shiga hoton. Ka rubuta lambobin nan huɗu a takarda ka manna a bayan kyamara. Kana tafiya kana juya su: ka fito rana ka rufe, ka shiga inuwa ka buɗe, tun ba ka ga abin ɗauka ba.

Wannan shi ne abin da nake so ka fi kamawa a duk amsar nan. A titi ba a saita kyamara bayan an ga hoto. Kafin ka ɗaga, ka auna, ka murza fokas, wato zoben saita nisa, mai turin kurar nan ya wuce, yarinyar da ta juyo da farantinta ta kau da kai, ko kuma kowa ya ankara ya gyara tsayuwa ya daskare. Dole haske ya zama a saite, nisa a saite, an ja fim, yatsa na kan maɓalli, abin da ya rage kawai ɗagawa da dannawa.

Batun nisa shi ne ya jawo maka dishi-dishin. Duba jikin lens ɗinka, tsakanin zoben fokas da zoben ƙofar haske, akwai lambobi jere hagu da dama: 4, 8, 16, 22. Yawancin masu koyo ba su san amfaninsu ba. Suna nuna daga ina zuwa ina hoto zai fito tas. Da lens 50mm, in ka sa nisa a mita 3, ƙofar haske f/11, duk abin da ke tsakanin kamar mita 2 da 'yan kai zuwa mita 5 zai fito sosai. In ka kai nisan wajen mita 7 da rabi a f/11, daga ƙasa da mita 4 kaɗan har iyakar gani ya shiga. Sai ka koyi sanin mita 3 da ido. Ka auna a tsakar gida, ka ƙirga takunka, ka ga girman mutum a maduba a wannan nisan: in ka tsai da kyamarar a tsaye, babban mutum zai kusan cika hoton daga kai zuwa ƙafa. Daga nan ba ruwanka da murza zobe, ƙafarka ce fokas ɗinka. A inuwa kuwa, a f/2.8, filin ya ƙuntata zuwa ɗan taƙi, dole ka tsaya ka saita a kan ido. Alhamdu lillahi, mutanen cikin rumfa galibi a zaune suke. Ga mai tafiya a ƙasa 1/250 ta isa, ga babur da A Daidaita Sahu sai 1/500 ko sama.

Lens 50mm ya ishe ka. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ake yawan ambata a wannan fanni, da kyamarar Leica da 50mm ya yi mafi yawan aikinsa. Garry Winogrand a Amurka ya fi son 28mm, yana kutsawa cikin jama'a. Kowanne da abin da yake bayarwa. Mai faɗi yana ba ka fili mai zurfi, 28mm a f/8 in ka sa nisa mita 3 da ɗan ɗori, daga mita ɗaya da rabi da 'yan kai zuwa ƙarshe duk tas, amma sai ka matso har mutum ya ji numfashinka. A wurinmu, inda ake da kunya da kawaici, ina ganin tazarar da 50mm ke bayarwa ta fi dacewa da mai farawa.

Sai lokaci. Kano na kusa da layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana, rana na kan ka kusan tsaye. Idanu su zama ramuka, hula ta rufe goshi, hanci ya yi inuwa a leɓe. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 ka bar fuskoki a rana, ka shiga inuwa, ko ka ɗauki inuwar kanta. Lokacinka shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai bayan la'asar. A nan haske ke zuwa ta gefe, ya fito da tabon yatsu a bangon ƙasa, da zanen da ke fuskar soro, da ninkin rawani, da jijiyar hannun mai rini. Hunturu kuma kyauta ce ga mai baƙi da fari. Hazo yana tausasa rana, yana raba kusa da nesa: na gaba baƙi, na tsakiya toka-toka, Dala can baya kamar an zana ta da toka. Da yamma ka tsaya yadda rana ke bayan mutane, ƙurar da ƙafafu ke tayarwa ta kama haske, ko hayaƙin mai tsire, ko tururin butar mai shayi da sassafe. Ka sa wa lens ɗin malfa, zoben da ke yi masa inuwa, kada rana ta bugi gilashin kai tsaye, ka kuma yanke shawara: in fuska kake so, ka auna tafin hannunka ta ɓangaren inuwa, in baƙar siffa kake so a jikin haske, ka bar saitin rana.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci a koya shi ne cire launi daga ido. Ka je 'Yan Kaba ka ga jan tumatir kusa da ganyen alayyahu, ido ya ce wannan hoto ne. A fim ɗin baƙi da fari suna iya fitowa toka-toka iri ɗaya, su cakuɗe. Baƙin shuɗin marinar Ƙofar Mata shi kuma baƙi kawai zai zama, sai ƙyallin da bugu ya sa masa. Ka riƙa kanne ido kaɗan kana kallon wuri har bayanai su ɓace, ya rage haske da duhu kawai. In a haka ka ga mutumin ya fita daban daga bayansa, baƙin kai a jikin farin bango, ko farar hula a bakin zaure mai duhu, to akwai hoto. In ya narke cikin bayan, ka matsa taki biyu ko ka durƙusa. Filta, gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens, mai ruwan ɗorawa tana taimakawa: tana ɗan duhunta sama gajimare ya fito, tana haskaka duk abu mai ruwan ɗorawa, har A Daidaita Sahu ta kusan zama fara. Tana cin haske mataki ɗaya. Mai ruwan lemo tana cin kamar biyu, ja kuma uku, kuma ja tana zurfafa inuwa sosai, abin da ba ma nema a wannan rana tamu. Lens ɗin SMC Pentax-M 50mm f/2 da aka saba sayar da kyamarar da shi yana ɗaukar filta 49mm.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce neman wuri kafin neman mutum. Ka samu ƙofar gari, ko bakin lungu da haske ya ratso ta tsakanin rumfuna biyu, ka tsara hotonka babu kowa, ka saita nisa a daidai inda hasken ya sauka, ka jira. Wani zai shigo: mai keke da buhu a baya, tsohuwa da ƙwarya a ka, yara uku a guje. Fim ɗinka hoto 36 ne kacal, kuma ba allon da za ka duba, don haka idonka na kan titi. In wuri ya yi kyau kada ka yi rowa, ka ba shi hoto huɗu ko biyar, galibi na ƙarshen ne ke fita, bayan an manta da kai. Amma kada ka harba don kawai ka gaji da jira.

Mu zo kan mutane, don nan ne wanda ya koyi sana'ar daga littattafan Turai yake tuntuɓe. A can an saba da ɗaukar baƙo ba sallama. A nan mutum yana da haƙƙin a gaishe shi, kuma akwai waɗanda ba sa son hoto sam, wasu don addini, wasu don tsoron inda zai je. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi kasuwa. Ka ce, "Baba, ina koyon ɗaukar hoto ne da kyamarar mahaifina, in ba damuwa zan zauna nan in ɗauki aikinku." Tsohuwar kyamara tana buɗe ƙofa, dattawa da yawa sun san ta, wani ma zai karɓa ya juya ta ya ba ka labarin mai hoton unguwarsu. Da farko za su gyara hula su kafe. Ka ɗauki wannan, ka gode, ka ci gaba da zama. Bayan ɗan lokaci mai ciniki ya zo, hankali ya koma kan aiki, sai hoton da ka zo nema ya fito, kuma da izininsa. Wanda ya ce a'a, ka sauke kyamara ya gani, ka yi godiya ka wuce. Matan mutane kada ka ɗauke su kusa ba da yardarsu ba. A kasuwa ka nemi shugabannin layin, a unguwa ka gaida mai unguwa. Barikin soja, shingen binciken jami'an tsaro, ofishin 'yan sanda, filin jirgi, ka rufe lens ka wuce.

Akwai abin da ke damuna, zan faɗa maka shi kai tsaye. Sabon mai kyamara yakan fara da almajirai da mabarata da masu taɓin hankali, don su ne ba sa iya hana shi, kuma baƙi da fari yana sa tsumma ta yi kyan gani. Ka tambayi kanka ko za ka iya nuna wa yaron nan hotonsa in ya girma. Garin cike yake da masu aiki: maƙera, dukawa, masu bugu, wanzamai, masu gyaran agogo, 'yan dako. Ka dubi abin da manyanmu na yankin nan suka bari. Malick Sidibé a Bamako ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogi a shekarun 1960 da 1970, su da kansu suke kiransa, washegari su zo shagonsa su zaɓi hotunansu, kuma wannan aikin ne ya kai shi ga lambar Zakin Zinare ta baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya a 2007. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, da yawa daga bayan kai, a tsanake. Akinbode Akinbiyi ya yi shekaru yana taka titunan Legas da Bamako da Balin ta Jamus da tsohuwar kyamarar Rolleiflex a ƙirji.  Ka wanko hoto ka kai wa mai shi, ko ƙarami ne. Ranar da ka koma layin da hotuna a hannu, maƙwabtansa za su fara kiranka.

Wanki kuma ina ba ka shawara ka koya da kanka, don rage lokacin nan da na ce, ba kowane shago zai yi maka ba. Ka kiyaye abu ɗaya: kada a sa HP5 ko Tri-X a injin wankin hoto mai launi. Sinadarin injin yana cinye azurfar da hoton ke jikinta, fim ɗin ya fito fayau ba komai. In injin launi kaɗai kake da shi, ka nemi Ilford XP2 Super, shi baƙi da fari ne da aka yi don wannan injin.

Ba ka buƙatar ɗakin duhu. Jakar duhu mai hannuwa biyu, tankin wanki irin na Paterson da faifansa, ma'aunin zafi, kofin awo, ruwan wanki da fiksa, sinadarin da ke tabbatar da hoto a jikin fim. A cikin jaka kake naɗa fim a faifai ka rufe tanki, sauran aikin a fili ake yi. Ka fara gwada naɗin da lalataccen fim ido buɗe, sannan ido rufe, kuma hannu da faifai su bushe sarai, gumi na sa fim ya maƙale. Sinadaran wanki Kodak D-76 da Ilford ID-11 kusan abu ɗaya ne, gari ne, yana da sauƙin aikowa. In ka haɗa ka zuba a kwalabe cike taf a rufe, yana kai wata shida. Ka gauraya rabi da rabi da ruwa, ka yi amfani da shi sau ɗaya ka zubar. HP5 Plus a ID-11 rabi da rabi minti 13 ne a zafin digiri 20, wannan in an ɗauka a 400. Kai da ka ɗauka a 200 cikin rana mai ƙarfi, ka fara da minti 10 da rabi zuwa 11. Ka juya tanki sau huɗu a farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa kumfa ta tashi. Ka zubar, ka ɗauraye da ruwa, fiksa minti 5, sannan ɗaurayar ƙarshe da ruwa: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sau 10 ka zubar, sau 20 ka zubar.

Zafi shi ne abokin gabarka. Ruwan tankin sama a watan Afrilu yakan wuce 30, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage lokacin wanki da kusan kashi 10 cikin ɗari. In lokaci ya gaza minti 5 wankin ba ya yin daidai, sai ka ga dabbare-dabbare a sama. Ka sanyaya ruwan da ƙanƙara ko ruwan leda daga firji, ka ajiye tankin cikin roba mai ruwan sanyi tsakanin juyi da juyi. In 20 ta gagara, ka tsaya a 24 ka rage lokaci, minti 13 ya koma wajen 9. Ruwan wanki da fiksa da na ɗauraya duk su kasance kusa da juna a zafi, in fim ya fita daga sanyi ya faɗa ɗumi fatarsa na iya tsattsagewa. Da hunturu kuma ƙura ce: ka yayyafa ruwa a banɗaki, ka rataye fim ɗin da matsi a sama da ƙasa, ka rufe ƙofa, kada a kunna fanka, ka bar shi ya kwana. Kwalaben sinadari ka rubuta musu suna, kada ka zuba a kwalbar lemo, ka ɗaga su inda yara ba sa kai. Tsohon fiksa akwai azurfa a ciki, kada ya je inda dabbobi ke sha.

Fim ɗin da ba a ɗauka ba ya zauna a firji cikin robarsa, ka fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe don kada raɓa ta kwanta masa. Kada ka bar kyamara a mota a rana. In wani zai taho maka da fim ta jirgi, ya roƙi a duba da hannu, sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi suna lalata shi ko da wucewa ɗaya. In ka ɗora fim, ka lura da mariƙin naɗewa na hagu: in kana ja ba ya juyawa, fim bai kama ba.

Hoton da ke waya ba ya gaya maka gaskiya, nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, shi ne ke faɗa. Ka ɗaga shi a taga. In wurin fuska ya yi fayau kamar gefen fim inda ramuka suke, haske bai isa ba, ka ƙara a ɗauka ta gaba. In wurin farar riga ya yi baƙin da ba ka iya hango rubutun jarida ta cikinsa, wanki ya yi yawa, ka rage minti ɗaya. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta fim, hasken ranar, lokaci da zafin ruwa, kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane karo, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Kuɗin da ka yi niyyar ƙarawa ka sayi wata kyamara, ka sayi filta mai ruwan ɗorawa, da malfa, da tanki, ragowar ka zuba a fim iri ɗaya. Nagatif ɗin da aka riga aka wanke maka kuma ka ɗora shi a jikin taga ka ɗauke shi da waya yadda yake, har da gefensa mai ramuka, ka aiko in duba, daga nan za mu san ko ɗauka ce ta gaza ko wanki ne ya zarce.